Jini Ya Nuna

"Ce masa ya matso ya gani da idonsa," in ji likita Nafisa, tana jan kujerarta baya daga madubin da ake duba jini da shi.

Da Faransanci ta yi maganar. Ita 'yar Yamai ce, Zabarmanci ta sha a nono, Hausarta ba ta wuce gaisuwa da "buɗe baki" ba. Don haka duk abin da ta faɗa sai ya bi ta bakin Tahira, malamar makaranta, matar majinyacin. Tahira ta juya wajen wan mijinta, ta ɗan rusuna.

"Yaya, ta ce ka matso ka duba."

Alhaji Maman Lawali bai motsa ba. Yana tsaye daf da ƙofa, ya toshe hanci da farin ƙyalle da ya jiƙe da turare, ɗaya hannun kuma ya tattare babbar rigarsa kada ta goga bango. Tun da ƙaninsa Idirisa ya kwanta da sankarar jini, yau ne ya fara tako asibitin nan na Maradi, shi ma don mahaifiyarsu ta ce in bai zo ba kada ya sake zuwa gaishe ta. Turarensa ya gauraye da warin maganin wanke daɓe da zarnin da ke busowa daga baranda, haɗin kuwa ya fi kowannensu tayar da zuciya.

"Ni ban duban jinin mutum," in ji Alhaji ta bayan ƙyallen. "Ta hwaɗi, ina ji."

Shi mai ciwon yana zaune kan benci jikin bango, kansa a sunkuye. Idirisa direban babbar mota ne, shi ke ɗauko wa Alhaji kaya daga bakin iyaka, kuma a da in ya yi dariya a zaure har ƙuryar gida ake ji. Yanzu gashinsa ya zube, leɓɓansa sun tsattsage sun yi ɓawo, fatarsa tana saɓulewa fari-fari tana taruwa a wuyan riga, duk inda allura ta taɓa ta bar baƙin tabo. Ga wani wari da magani ya sa masa, irin na ƙarfe da ya kwana cikin ruwa. Tahira tana son mijinta, wannan ko maƙiyinta ba zai musa ba. Amma son bai toshe mata hanci ba, kuma ta tsani kanta a kan haka.

Ita ta leƙa madubin. Ranar farko da aka nuna mata jininsa a Yamai, abin da ta gani wasu ƙulle-ƙulle ne manya, duk kamanninsu ɗaya, a cunkushe kamar ƙwan ƙuda a kan nama, har sai da ta kasa cin abinci ranar. Yau sun ragu, kuma da yawa cikinsu sun sake siffa, sun lanƙwashe, cikinsu ya rarrabu.

"Ki faɗa masa a hankali," in ji likita. "A cikin ɓargon kowa ake haifar fararen ƙwayoyin jini. Jarirai ake haifarsu, su girma, su fito su yi aikin tsaron jiki, su tsufa su mutu, wasu su maye gurbinsu. Na mijinki sun tsaya a ƙuruciya. Ba su aiki, ba su mutuwa, sai hayayyafa, har suka cika ɓargon suka hana jini na gari wuri. Jan ruwan da aka ƙara masa a Yamai kashe su yake yi. Amma magani ba kisa kaɗai ya iya ba. Wanda yake haɗiya kullum tura su yake yi gaba, ya tilasta musu su kai matakin da suka ƙi kaiwa. In sun kai, da kansu za su mutu kamar na kowa, jiki ya share su. Abin da nake gani yau ke nan. Matirasiyon ta fara."

Tahira ta bi maganar tana mayarwa Hausa, har ta iso kalmar ƙarshe, nan ta cije. Ba wai ba ta san ma'anarta ba, ai ba a kasuwa ta tsinci Faransancinta ba. In ta ce ƙwayoyin suna girma, Alhaji zai ji cewa ciwon ne ke girma, kafin azahar labari ya kai Tsibiri wurin Hajiya mahaifiyarsu ana koke-koke. Kalmar da ta dace tana nan a kan harshenta, balaga. To amma wace mace ce mai hankali za ta dubi wan mijinta, mutumin da ko sunansa ba ta kamawa, ta ce masa wani abu a jikin ƙaninsa ya fara balaga? Malami ya faɗa a wurin karatu, ba laifi. Ita kuwa tun ba ta furta ba kunnuwanta suka ɗauki zafi.

"Mi tac ce?" in ji Alhaji.

"Ta ce... mugun jinin da ɗanye ne, Yaya, shi ya sa yaƙ ƙi gushewa. Yanzu maganin ya sa ya hwara nuna."

"Ya nuna?"

"Ya hwara."

A karo na farko Alhaji ya sauke ƙyallen daga hancinsa. Ya gyaɗa kai irin na ɗan kasuwa da aka faɗa wa abin da ya gane. "To, haka aka magana. Ba dogon turanci ba."

Likita ta ɗaga yatsa, ta ce saura abu guda, kuma shi ya fi komai. Ƙwayoyin da ke sa jini ya tsaya in an ji rauni har yanzu sun yi ƙaranci ƙwarai a jikinsa. Kada a yi masa aski, kada ya yanke farce, ko asuwaki mai tauri kada ya sa a baki. Ƙaramin yanka yana iya zama abin da ba a fata. Tahira ta fara fassarawa, sai wayar Alhaji ta yi ƙara. Wata motarsa ce aka tsare a kan iyaka. Ya fice yana faɗa da wani, ita kuwa ta ƙarasa jawabinta ga bayan rigarsa.

A bakin asibiti ya ba ta mamaki. Ya ce ta wuce wurin aikinta, shi zai mayar da Idirisa gida unguwar Zariya da motarsa. Mutumin da ko kofin da ƙaninsa ya sha ruwa ba ya taɓawa. Tahira har godiya ta yi masa, ta ce Allah ya bar zumunci.

A Jiratawa take koyarwa, kuma shugaban makarantar ya riga ya gaji da uzurinta, ba ya ɓoyewa. Bazara ce, rana ta buɗe wuta. A gefen hanya masu lambu sun zubar da tumatir da ya yi kwantai, ya narke ya yi ruwa, ƙudaje sun rufe shi, warin yana bin iska har cikin aji. Ta rubuta darasi a allo, ta sa yara suna kwafa, ta tsaya bakin taga tana neman iska mai kyau ba ta samu ba. Duk da haka zuciyarta ta fi ta kullum sauƙi. Likita ta ce maganin yana aiki.

Ana cikin haka wayarta ta yi ƙara cikin jaka. Surukarta ce daga Tsibiri.

"Tahira, ɗiyata, Allah shi yi miki albarka," in ji Hajiya da ƙarfi, don ita in tana waya gani take sai ta ɗaga murya za a ji ta. "Mun ji labari mai daɗi. Tambaya gare ni. Bayan ƙahon nan, mi za ni ba shi? Kunun tsamiya ko romo? Kar in ba shi abin da lokotoro ta hana can asibiti."

"Wane ƙaho, Hajiya?"

"Ƙaho mana. Ba an ce jinin ya nuna ba? Maman Lawali ya kawo shi nan gida, an aika kiran Zakari wanzam. Ai ko maruru in ya nuna ba a barinai ciki."

Allin da ke hannun Tahira ya faɗi. Ta ce a tsaya, ta ce don girman Allah kada a taɓa shi da aska, ta faɗa har yara suka daina rubutu suna kallonta. Hajiya ta ce ba ta ji sosai, kuma maza suna waje, ita ba ta shiga maganar maza. Hajiya ta kashe wayar. Tahira ta kira Alhaji, aka ce yana kan wata maganar. Ta kira Idirisa, wayar ta yi kuka a cikin jakarta, don ita ya ba riƙo tun da safe.

Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta tare ɗan kabu-kabu a bakin hanya ta ce Tsibiri, kuma kada ya tsaya ko an kira shi da sunan ubansa. Jiratawa na wannan gefen Maradi, Tsibiri na wancan, sai an ratsa garin kaf. Suka kutsa tsakanin amalanke da manyan motoci, hayaƙi na dukan fuskarta, suka bi ta Sabon Gari inda wata kwata ta fashe ta malalo kan hanya, baƙin ruwan ya fantsamo mata a ƙafa har cikin takalmi. Ba ta ko duba ba. A bayan babur ɗin ne kalmomi suka yi ta zuwar mata, yanzu da ba su da amfani. Ƙosawa. Kawo ƙarfi. Manyanta. Cika mutum. Hausa cike take da su, ita kuwa ta rasa wadda za ta ɗauka sai ta mangwaro da ƙurji. Takaici ya cika ta har ta ji ɗacinsa a baki.

Ta shiga gidan Hajiya ba sallama.

A ƙarƙashin bishiyar tsakar gida aka shimfiɗa tabarma. Idirisa na kwance rubda ciki, ba riga, haƙarƙarinsa duk a waje. Ƙahoni biyu sun riga sun kafu a bayansa, ƙasan kafaɗu, fatar da ke kewaye da su ta yi baƙi ta kumbura. Zakari wanzam, tsoho ne da ya yi wa Idirisa askin suna ya kuma yi masa kaciya, yana durƙushe ya sa baki a kan na uku yana zuƙa, kumatunsa sun lotsa. Kusa da gwiwarsa ga zabira a buɗe, ga aska a kan wani tsumma da ya sha jinin rabin Tsibiri, ga kasko da aka zuba wa rairayi, ƙudaje na jiran rabonsu. Wasu dattawa biyu maƙwabta sun zo taya murna. Alhaji kuwa ya kai kujerarsa can inda iska ke fitowa, ya ba tabarmar rabin baya, waya a kunne.

"Baba Zakari, ɗaga bakinka daga jikinai!"

Tsohon ya toshe bakin ƙahon da ɗan danƙo, ya ɗago yana goge leɓe da bayan hannu. "Sannu da zuwa, Madam. Wannan ban tsaga ba tukuna. Biyun nan ne anka tsaga, yanzu za ni zubas."

"Kun tsaga?"

"Kaɗan-kaɗan. Ko yaro ba ya kuka."

Ya kama ƙaho na farko ya murɗa da gwaninta, ya kara kaskon. Duk wanda ya taɓa ganin ƙaho ya san abin da ke fitowa, gudan jini ne baƙi mai kauri kamar hanta, ya faɗo tim, a nuna wa mai shi a ce ga ciwonka. Wannan bai faɗo ba, zubowa ya yi. Ja ne, tsararo, ya cika kaskon ya bi hannun tsohon har gwiwar hannu. Tsagogin kuwa, 'yan ƙanana da su, suka ci gaba da tsatsa, jinin ya bi ramin baya ya gangara cikin wando. Zakari ya goge da tsummansa, ya sake fitowa. Ya sake gogewa. Ya laluba zabira ya ɗebo wani baƙin gari.

Tahira ta buge hannun, garin ya watse a tabarma. Tsoho ne sa'an kakanta, ba ta taɓa tsammanin hannunta zai taɓa irinsa ba. Ta fizge mayafinta, ta ninka, ta cire ƙaho na biyu da kanta ta jefar, ta danne wuraren biyu da dukan ƙarfinta. Ɗumin jinin ya ratso mayafin ya shiga tsakanin yatsunta.

"Ke, lahiya?" Alhaji ya taso, amma bai matso ba. "Wane irin rashin ta-ido ne wannan?"

"A tada mota, Yaya. Jininai ba ya tsayawa. Lokotoro ta ce ko aski kar a yi mishi."

"Ni ban ji wannan ba. Abin da na ji, ke da bakinki kinka ce ya nuna. Gaban lokotoro kinka ce. Ko ƙarya ni kai?"

Dattawan suka gyaɗa kai. Hajiya ta fito daga madafa da ludayi a hannu. Duk suka zuba mata ido, ita da ke durƙushe kan bayan mijinta, kanta ba mayafi, ƙafarta da ruwan kwata.

"Ba nuna tac ce ba!" Muryarta ta fashe. "Balaga tac ce! Ƙwayoyin jinin ne sunka ƙi balaga, maganin ka sa su balaga, kamar yadda yaro ka balaga shi yi gemu shi yi mahwalki! Ba ƙurji ba ne da za a matse! Cikin ɓargo abin yake, ƙaho ba ya kai can!"

Ɗaya dattijon ya sunkuyar da kai yana gyaran takalmi. Alhaji ya kawar da fuska.

"A'uzu billahi," in ji Hajiya a hankali. "Tahira, gaban wan mijinki? Gaban manya?"

Tahira ta dubi matar. Ɗanta na cikinta yana kwance jini na bin tabarma har ya kai ƙasa yana yin taɓo, amma abin da ya girgiza ta kalma ce. Wani ƙyanƙyami ya kama Tahira wanda ya fi na kaskon, ya fi na tsumman, kuma ba ta ware kanta daga ciki ba, don irin wannan kunyar ce ita ma ta ji da safe. Ta ƙara danna hannuwanta.

Sai da Hajiya ta matso ta ga yadda mayafin ya rine, sannan ludayin ya faɗi, ta ɗora hannu a ka. Ihunta ne ya tada Alhaji, ba maganar Tahira ba. Amma ko da aka ciccibo Idirisa zuwa mota sai da aka tsaya, don Alhaji ya ce a nemo buhu ko leda a shimfiɗa kan kujera. Aka shiga ɗaki ana neman buhu. Mutum na zubar da ransa a bakin ƙofar mota, ana zazzage gero daga buhu a zuba a kwarya.

Ta zauna a baya, aka kwantar mata da shi a cinya rubda ciki, hannuwanta ba su bar wurin ba. Alhaji ya sauke gilasai duka, yana tuƙi yana tofar da yawu ta taga.

"Baban Salima," ta kira shi da sunan 'yarsu a hankali, ta sunkuyo kusa da kunnensa. "Kana ji na? Kar ka yi barci."

"Ina ji."

"Kai ka san an hana. Da kunnenka ka ji, ba sau ɗaya ba. Don mi ka bari sunka yi maka?"

Ya daɗe bai amsa ba, har ta tsorata ta girgiza shi da gwiwa.

"Ba su tilasta ni ba," in ji shi, muryar can ƙasa. "Da Yaya yac ce mu biya Tsibiri, ni nac ce to. Kullum sai a ce mani abin na cikin ɓargo, na cikin madubi, ni ban taɓa ganinai ba. Na so in ga ya hita. In ga an zubas da shi cikin kasko an rufe da ƙasa." Ya numfasa. "Na gaji da jikin nan, Tahira. Ni kaina warinai nike ji. Ke ma kina ji, kina dai haƙuri."

Ta buɗe baki za ta ce ba haka ba ne, ƙaryar ta ƙi fitowa. Maimakon haka sai ta sunkuya ta ɗora goshinta a ƙeyarsa mai gumi, ta bar shi a nan har suka shiga gari. Hawayenta suka bi wuyansa.

A asibiti aka karɓe shi a guje. Likita Nafisa ta ɗaga mayafin, ta ga zagayen ƙaho da tsagogin, ta dubi Tahira sau ɗaya. Wannan kallon ya fi zagi ciwo. Aka ɗaure bayan da bandeji tamau, aka sa masa ruwa da wata allura a ciki. Tahira tana tsaye a baranda, jini ya bushe mata har gwiwar hannu yana jan fata, zaninta ya manne da cinyarta. Ta leƙa ta ƙofa ta ga farin bandejin ya fara yin ja a tsakiya. Leɓɓan Idirisa sun koma launin toka.

Likita ta fito tana cire safar hannu. Ta ce ya zubar da yawa, kuma har yanzu bai tsaya ba, sai an ƙara masa jini yanzu-yanzu. Akwai ledar jini irin nasa a ɗakin ajiya, amma ajiyar ta yi ƙasa, sai wani ya bayar a madadi za a fitar. Tahira ta miƙa hannunta. Likita ta girgiza kai, ta ce ba a daɗe da ɗibar nata ba, in aka sake ita ma sai an kwantar da ita.

Alhaji yana can ƙarshen baranda, ƙyallensa ya koma hanci. Tahira ta ƙarasa, likita na biye da ita.

"Yaya, jini aka so. Sai wani ya ba da."

"To, ba matsala. Yarana na can suna sauke kaya, motar ta samu hitowa. In sun gama, bayan la'asar, sai in turo biyu ko ukku." Ya fara laluben waya.

Ta san yaran, ta san sauke kayan, ta san bayan la'asar ɗin Alhaji yakan kai magariba. Likita ta dubi wayar, ta dubi ƙofar ɗakin, ta yi magana da sauri. Ta ce kowa ma ya isa, kowane baligi mai lafiya, ko ɗan'uwa ko baƙo, ba sai jininsu ya zo ɗaya ba tunda musanya za a yi. Abin da ba ta da shi lokaci ne.

"Mi tac ce kuma?" in ji Alhaji.

Tahira ta dubi farar shaddarsa da ko ɗigo bai taɓa ba. Wannan karon ba ta rusuna ba, kuma ba ta nemi kalma ba.

"Ta ce na yara ba ya yi. Irin ciwon nan sai jinin wanda sunka hito ciki ɗaya. Ta ce in ba a samu yanzu ba, a kira Hajiya ta zo ta yi bankwana da shi."

Wayar ta tsaya a hannunsa. Su biyu ne kaɗai maza a wurin Hajiya, kowa ya sani. Ya dubi likita. Ita kuwa ganin an gama fassara, sai ta gyaɗa masa kai da ƙarfi, ta nuna masa ƙofar ɗakin ɗibar jini da hannu.

"Ni ko allura ban so," in ji shi, muryarsa ta sirance. "Kin tabbata haka tac ce, Madam?"

"Ban ƙara ba, ban rage ba, Yaya."

Ya tsaya kaɗan yana kallon ƙofar. Sannan ya cusa wayar a aljihu, ya fara naɗe hannun rigarsa. Tahira ta jira har ta ga ya shiga an rufe, sannan ta tafi neman famfo ta wanke hannu, don ba za a bar ta ta koma wurin mijinta a haka ba.